Oba-oba a Ɗakin Takaba

Ranar sadakar ukun mijin yayata, bayan jama'a sun watse, Hajiya surukarta ta shigo ɗaki ta miƙa hannu ta ce, "Kawo wayar." Yaya ba ta yi musu ba, ta zaro ta daga ƙarƙashin matashi ta ba ta. Hajiya ta ce mai takaba ba ta magana da maza, waya kuwa ba ta san namiji ba, ba ta san mace ba, duk wanda ya buga sai ta yi ƙara. Za ta ajiye ta a akwatinta sai an cika wata huɗu da kwana goma.

Ina tsaye bakin ƙofa, na buɗe baki ke nan Yaya ta watsa mini harara. Ta san halina. Ni ce auta, kuma tun ina ƙarama ba a taɓa gaya mini magana na tafi da ita gida ba, a nan take nake mayar wa mutum da kayansa. Na sha jin malaman unguwar Nima suna cewa wannan ba ya cikin littafi, al'ada ce kawai. Amma gidan na Hajiya ne, mu kuwa mu biyu ne rak a Akra. Babanmu daga Nijar ya zo da fataucin albasa, ya haife mu a Maamobi, shi da innarmu duk ƙasa ta rufe musu ido. Ba mu da wa, ba mu da kawu da zai zauna a tabarmar maza ya yi magana a madadinmu.

Abin da Yaya take so ɗaya ne, a bar ta a ɗakin mijinta ita da 'yarta. Yarinyar shekararta huɗu a lokacin. Ƙannen mamacin tun a wurin jana'iza sun fara ƙus-ƙus cewa 'yar ɗan'uwansu ba za ta tashi a wani gida ba, in uwar ta fita to ita kaɗai za ta fita. Zama ko fita kuwa a bakin Hajiya yake.

"Auta, ki rufa mini asiri ki rufe bakin nan naki," in ji Yaya bayan Hajiya ta fita. Na rufe, amma da ƙyar.

Sana'ar Yaya waakye ce, shinkafa da waken nan namu mai jan karan dafi. A tsakar gida take dafawa, ta kai teburinta bakin babban titin Nima. Dafuwa dai Hajiya ta yarda a ci gaba, fita ce babu. Sai na rufe keken ɗinkina na koma zaman tebur. Wanda ya san lungunan Nima ya san abin da nake nufi, daga titi zuwa gidan sai ka yi kwana, ka tsallaka kwata, ka raɓa jikin bango don mai tallan gawayi ta wuce. Taliya ta ƙare, sai na ruga. Shito, soyayyen yajin nan namu, ya ƙare, sai na ruga. In na dawo na tarar masu saye sun gaji sun koma teburin maƙwabciya. Mako bai cika ba ƙafafuna suka kumbura.

Yaya ce ta tuna da oba-oban. Kafin ciwo ya kwantar da mijinta, yana cikin mazan unguwa masu tsara motoci da jama'a ranar Sallah da wurin biki da jana'iza, kuma kowannensu yana da ɗan rediyon nan na hannu da ake danna gefensa a yi magana. Nasa guda biyu ne, ruwan ɗorawa, suna cikin durowa tun ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. Kusan shekara biyu ya yi a kwance. Yaya ce mai juya shi, mai wanke shi, mai ba shi koko da cokali. In zafin ciwo ya taso masa ita yake zagi, wani lokaci ya yi jifa da kofi da hannun da ya rage masa, in ya lafa kuma ya yi ta kuka yana neman gafararta. Ban taɓa jin ta kai ƙararsa wurin kowa ba.

Muka sa musu caji, suka farka. A fuskar kowanne akwai babbar lamba, da wata ƙarama a gefenta. Yadda mai su ya bar su haka muka bar su, ba mu taɓa komai ba. Hajiya ta ce sai ta gwada da kanta. Ta ɗora ɗaya a cinya tun hantsi, tana jan carbi tana kallonsa kamar wanda aka ba ajiyar kunama. Har aka kira azahar ko tari bai yi ba. Sannan na danna nawa daga bakin titi na ce, "Hajiya, kuna ji na?" Yaya ta ce saura kaɗan tsohuwar ta faɗo daga kujera. Da ta natsu sai ta ce wannan kam ya fi waya mutunci, tunda mutum ɗaya kawai ya sani. Ta yarda.

Da farko maganar sana'a ce kawai. "Yaya, ɗora tukunya ta biyu." "Yaya, ƙwai ya kusa ƙarewa." Abin yana da wani hali, in ɗaya yana magana dole ɗayan ya jira, sai ka saki madannin sannan za ka ji amsa. Yaya ta ce abin da innarmu ta kasa da bulala ga shi roba ta yi, an samu mai sa ni yin shiru.

Amma akwai lokacin nan bayan 'yan makaranta da masu zuwa aiki sun wuce, kafin na rana su fara, titi ya yi sanyi, tukunya tana kan wuta. Yaya tana ɗaki ita kaɗai, ba kwalli, ba turare, zane ɗaya, mata su shigo su yi mata gaisuwa da fuskar tausayi su fita. Na ga tana bushewa a tsaye. To me zan yi da bakin da Allah ya ba ni? Sai na fara kawo mata titi har ɗaki. Na ba ta labarin yaron turoturo, motar hayar nan tamu, da yake son a sa masa nama, a sa ganda, a sa ƙwai, sannan ya ce ai shi ɗan gida ne. Na kwaikwayi malamin makarantar nan mai laƙataye da yake juya wa titi baya yana ci da hannu kada ɗalibansa su gan shi. Na kwaikwayi tafiyar maƙwabciyata, na kwaikwayi muryarta in tana kiran masu saye da Turancin da bai kai ya kawo ba.

Ranar da Yaya ta fara dariya ban manta ba. Ta danna don ta ce mini in ji tsoron Allah, sai dariyar ta ƙwace mata, ta fito ta cikin 'yar robar nan, wata irin dariya mai haɗe da shessheƙa. Wallahi ina tsaye da ludayi a hannu hawaye suka zubo mini. Na yi shekara biyu ban ji wannan sautin ba.

Daga nan sai ta saki jiki. Ta ba ni labarin yadda suka haɗu da mijinta a kasuwar Makola yana taya ta ɗaukar buhu. Ta yi kuka, ta yi waƙar da take yi wa yarinyar in za ta yi barci, ta yi gunaguni kan ƙannen mijin da ba su taɓa juya shi ko sau ɗaya ba amma yanzu sun fi kowa jan carbi. Wata rana kuma, ba a ma yi arba'in ba, na tambaye ta ko ta samu ta runtsa. Sai ta ce, "Auta, Allah ya yafe mini, tun da ya rasu nake samun barci. Har kunyar kaina nake ji. Na huta, shi ma ya huta."

Na ce mata ba ta yi laifi ba. Har gobe ina nan a kan bakana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk macen da ta taɓa jinyar kwance ta san irin wannan barcin.

Alamu sun fara fitowa, ni ce ban karanta su ba. Wani ɗan okada ya tsaya sayen abinci, yana murmushi ya ce, "A sa mini ganda, ai ni ma ɗan gida ne." Na ɗauka dacewa ce kawai. Mazan da ke zama a benci gaban shagon mai shayi in na ɗaga oba-oba sai su yi tsit suna kallona. Wasu matan unguwa da kullum a wurinmu suke saye suka koma wucewa suna gyara mayafi, ko sannu babu. Na ce hassada ce.

Sai ranar nan wani dattijo ya zo. Abokin aikin mamacin ne a wurin tsara jama'a, mutumin arewacin Gana, mai furfura da sanda, kowa Baba yake ce masa. Ya tsaya nesa da tebur yana ta murza hularsa har masu saye suka ragu. Sannan ya matso, ya zaro oba-oba baƙi daga aljihun rigarsa ya ajiye kusa da tukunyar shito.

"'Yata, ki kira yayanka," ya ce da Hausarsa ta Zongo.

Ban gane ba, amma na danna nawa na ce, "Yaya." Sai na ji muryata ta fito daga nasa, garau, kamar ina magana a kunnen kaina. Yaya ta amsa, "Na'am, Auta, me ya ƙare kuma?" Ita ma ta fito daga nasa.

Na zauna a kan bokiti.

Baba ya ce babbar lambar nan tasha ce, kuma ita ce tasharsu tun da can, su da 'yan okadan mahaɗa, da masu gadin shaguna, da wasu magina da ke aiki wajen Maamobi. Ƙaramar lambar kuwa mamacin ya sa ta ne don ya riƙa kiran gida ba tare da hayaniyar sauran ta dame shi ba. Aikinta toshe kunnen rediyonka daga jin wasu, amma ba ta toshe kunnen kowa daga jin ka. Duk wanda bai sa ta ba yana jin komai.

"Tun yaushe?" na tambaya.

Ya sunkuyar da kai. "Tun ranar da Hajiya ya gwada."

Ya ce ya sha danna nasa yana cewa, "Ku yi shiru, ana jin ku, ku yi shiru," amma maganarsa ba ta shiga namu. Ya ce ranar da Yaya ta yi maganar barci har ihu ya yi a ciki.

Kai jama'a! Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Baba, ƙafarku ma lamba aka sa mata? Daga bencinku zuwa teburin nan tafiyar Makka ce? Kuna zaune da gemunku kuna sauraron mai takaba kamar wasan kwaikwayon rediyo, babu mai tsoron Allah ɗaya da zai taso?" Ya ce kunya ce ta hana shi. Ta yaya zai zo ya ce ya ji muryar matar abokinsa tana cikin takaba? Kowa yana jiran wani ya fara. Na ce kunyar da ta hana baki amma ba ta hana kunne ba, Allah wadaranta. Ya ɗauki rediyonsa ya ce ya zo ne yau saboda maganar ta riga ta bar benci, ta kai bakin famfo wurin mata.

Na bar wa maƙwabciya tebur, na kashe nawa, na ruga gida na fizge na Yaya daga hannunta ba tare da na yi mata bayani ba, na hau turoturo sai Circle, inda ake sayar da wayoyi. Har yau ban san abin da nake zaton zan samo a can ba. Wataƙila ina neman wanda zan kama ne. Na sami wani mai gyara a cikin rumfunan masu waya, na zube masa su a gaba na ce ya kulle mini su yadda ba mai ji, kuma ya gaya mini inda ake kai ƙarar masu satar sauraro.

Mutumin ya juya su, ya duba bayansu, ya yi mini magana a hankali, rabi Turanci rabi Hausa. Ya ce irin waɗannan ƙananan ba a neman lasisi kafin a riƙe su, kuma dalilin ke nan da ya sa kowa yake da su. An ware 'yan tashoshi kaɗan ne aka bar wa jama'a, kamar famfon unguwa. Sharaɗin shi ne ƙarfinsu kada ya wuce kima, kada a ƙara musu eriya don su yi nisa, kuma ba wanda zai ce tasha tasa ce. In wani ya shigo maka ba ka da ta cewa, in wani ya ji ka bai yi sata ba. Masu tasha tasu ta kansu, irin manyan kamfanoni da jami'an tsaro, su hukuma ce take yanka musu da takarda.

"To ina zan kai ƙara?" na sake tambaya.

"Madam, ba wanda ya karya doka," in ji shi. Ya ce zai iya canza mini tasha in ina so, amma can ma ta kowa ce.

Na kwashe su na zuba a jaka. A turoturon dawowa na yi ta kuka, wata mata mai kwandon tumatir tana ta ce mini "kafra, kafra", wato sannu, tana zaton mutuwa aka yi mini.

Ko da na iso gida na tarar da takalman maza a ƙofar Hajiya. Ƙannen mamacin ne. Ba a kira Yaya ba sai da suka fita, suka wuce ta gaban ɗakinta ba wanda ya kalli ƙofar. Sannan Hajiya ta aiko. Muka shiga tare, Yaya ta durƙusa, ni na tsaya jikin bango don na san in na zauna zan yi abin da ba a so.

Hajiya ta ce, "An ce kin ce kin huta."

Yaya ta ce, "Na faɗa, Hajiya."

"An ce kina dariya, kina waƙa, maza suna ji a bakin titi."

Na ce, "Hajiya, ai ku da kanku kuka gwada shi, kuka ce..." Ta ɗaga mini hannu. Ba ta daka mini tsawa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta daɗe tana kallon Yaya, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Ni na haife shi," ta ce. "Kina zaton ban ji abin da kika ji ba? Ranar da aka kai shi, na kwanta bayan azahar ban farka ba sai da aka tashe ni sallar magariba. Shekara biyu ina jin nishinsa ta bango. Ni ma na yi barcin, 'yata. Amma ni ban faɗa ba."

Yaya ta fashe da kuka ta kama ƙafarta. Hajiya ta bar ta ta riƙe, har ta dafa kanta. Ta ce da a ɗaki maganar ta tsaya da ta binne ta, amma magana zarar bunu ce. Yaranta sun ce ba za su shiga masallaci ana nuna su ba, wai matar da ta yi murnar mutuwar wansu tana kwance a ɗakinsa. Ta ce ta tsufa, ba za ta iya da su ba. Yaya za ta cika takabarta a gidan, ba mai taɓa ta. In ta yi wankan fita takaba, ta bar gidan. Yarinya za ta zauna wurin kakarta.

Na yi magana ranar, ba zan ɓoye ba, na yi ta har muryata ta dishe. Na je wurin liman, na je wurin mai unguwa. Kowa ya ce a yi haƙuri, ƙura ta lafa tukuna. Liman ya ce a shari'a uwa ta fi cancanta da riƙon ƙaramar yarinya, ya kuma yi alkawarin zai yi musu magana. Wataƙila ya yi. Ni dai ban ga abin da ya canza ba, kuma Yaya ta hana ni kai maganar gaba. Ta ce in aka kai ga hukuma sai an sake maimaita abin da ta faɗa a gaban wasu mutanen, ita kuwa ba za ta iya sake jin sa daga bakin kowa ba.

Sauran takabar a shiru ta yi ta. Na koma gudun lungu, taliya ta ƙare in ruga, shito ya ƙare in ruga. In na shiga ɗaki na fara wani labari sai ta ce, "Bari, Auta." Ranar fita aka yi mata wanka da kitso, Hajiya ta buɗe akwati ta miƙa mata wayarta, muka ɗauki kayanta a kai muka tsallaka zuwa ɗakina a Maamobi. An kai yarinyar gidan wata gwaggonta tun da safe don kada ta gani.

Yanzu yarinyar tana firamare. Ranar Asabar ake kawo ta, a zo a ɗauke ta kafin magariba. Yaya tun ranar Juma'a take fara shiri, ta ware mata ƙwai biyu da ganda mai laushi, ta wanke ɗan kwanonta mai fure. Asabar ɗin da ta wuce muna zaune mu uku, yarinyar tana ci, ina yi mata tsiya kan haƙorinta da ya fita. Sai ta ajiye cokali ta dubi uwarta.

"Mama, wai da gaske kin ji daɗi da Baba ya mutu? Yaran layinmu ne suke faɗa."

Yaya ta tashi. Ta je ta rufe taga, ta saki labule, ta tura ƙofa ta sa sakata. Ta dawo ta zauna gaban 'yarta, ta kama hannayenta biyu, ta buɗe baki. Muka jira, ni da yarinyar. Har baffan yarinyar ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce a fito da ita, Yaya tana riƙe da hannayen nan ba ta ce komai ba.